Ma'ajiyar Mai Walda

"Lafiya lau, tunda dai ka wayi gari da ranka. Ya ƙafar?"

"Wace ƙafa? Ni ƙafafuna biyu ne, kuma duk sun fi naki ƙwari. Gaisuwa kika zo ko bincike, Kwastan?"

"Gaisuwa. Kwashe tarkacen nan in zauna."

"Ki zauna a ina? An ce miki motar haya ce?"

"Motar haya ai tafiya take yi, Tsoho."

Tsohon yana zaune ne a mazaunin direba na tsohuwar akori-kurarsa, wadda ta daɗe da yin sallama da titi. Tana can bayan gida ƙarƙashin rumfar kwano, an ɗora ta a kan bulo, ba taya ko ɗaya. Tun da ya bar sana'ar walda nan ne ofishinsa. Kullum da hantsi zai ɗingiso, ya buɗe ƙofa, ya zauna ya dafa sitiyari, ya kunna ɗan rediyonsa, yana kallon katanga kamar mai jiran a ba shi hannu ya wuce.

Wadda ta shigo ta zauna kusa da shi jikarsa ce, ɗiyar 'yarsa, tana aiki a kantin magani. Shi ya raɗa mata Kwastan, don tun ranar da likita ya hana shi zaƙi babu aljihun da ba ta zazzage ba. Ta duba ƙarƙashin katifa, ta duba cikin hula, har wurin sa batirin rediyo ta taɓa buɗewa, kuma ba a banza ba. Amma abin ya wuce wasa. Ciwon suga ya buɗe masa gyambo a babban yatsan ƙafa, ya ƙi warkewa, kuma likita ya faɗa mata ba tare da kwana-kwana ba cewa in sugan bai sauka ba yatsan zai tafi, ba kuma lallai a tsaya a yatsa ba. A gidan an daina sayen sukari, kowa shayinsa salam yake sha saboda shi. Duk da haka kullum ta gwada jininsa da safe sai ta ga abin yana sama. Ta san a motar nan yake ɓoyewa. Ta bincike ta har ta gaji, ba ta samu komai ba. Tsoro take ji, tsoro na gaske, sai dai tsakaninta da kakanta ba a saba magana ba sai da zolaya, shi ya sa yau ta zo da wata dabara.

"Waɗannan ƙiyashin fa da suka yi layi a ƙofa?" ta ce. "Me suke nema a motar da ba kowa?"

"Fasinjoji ne. Sun fi ki ladabi, ba wanda ya taɓa tambayata ƙafa."

"Allah Ya kai su lafiya. Ni albishir na kawo maka, angona. Na samo motar da za ka saya min."

"Ni na ce zan saya miki mota? Matar da ba ta iya komai ba sai lalube aljihun miji? Na sake ki tun bara, ke ce kika ƙi tafiya."

"In na tafi wa zai kwashe ka? Duba nan."

Ta miƙa masa waya. Ya ɗaga ta nesa da fuska, ya kanne ido ɗaya, irin kallon da ya saba yi wa ƙarfe kafin ya ɗora masa wuta.

"Akori-kura ce," ya ce. "To me ya yi zafi? Ga irinta nan kina zaune a ciki."

"Wannan akurkin kajin? Waccan ta lantarki ce. Ba ta fito ba tukuna, hotonta kawai kamfanin ya saki. Ba ta shan mai, ba ta da inji."

"Ba ta da me?"

"Inji."

"To me take da shi?"

"Batir. Caji ake mata kamar waya."

"Kai, duniya! Mota ba inji ai amalanke ne. In aka ɗauke wuta fa? Sai ki fito ki tura?"

"Taka ma ai turawa ake yi. Yanzu ko turawar ba ta ci."

"Hutawa take. Ta yi aikin da uwarki ta yi karatu da shi, har aka haifo ki kika zo kina zaginta."

"Allah Ya ba ta haƙuri. Amma ba injin ne labarin ba. Kamfanin ya ce sun yi mata wuraren ɓoye kaya a jiki, ba kuma za su faɗi inda suke ba sai ranar da ta fito. Ga mutane nan a ƙasa sai musu suke, kowa da nasa hasashen."

Tsohon ya rage muryar rediyo. Kwastan ta gani, ta yi kamar ba ta gani ba.

"Me suka ce?" ya tambaya.

"Ina ruwanka? Ai amalanke ne."

"Karanto min in ji wautar 'yan zamani."

"Wannan ya ce a gaba ne. Tunda ba inji, in ka ɗaga bonet, murfin gaban nan, sai ka tarar da fili kamar akwati."

"Wannan shi ne ɓoyo? Wurin da ko akuya ta zo wucewa shi za ta fara leƙawa? Wuce."

"Wannan ya ce ƙarƙashin kujera."

"Jikan wa ne? A gaya wa kakansa ya yi asara."

"Wannan kuma ya ce cikin ƙofa."

"Bai taɓa hawa mota a hanya mai gargada ba. Ka sa abu cikin ƙofa, kafin ka kai kwanar farko duk unguwa ta ji yana kwaramniya. Ke fa, me kika ce?"

Ta dafa haɓa kamar mai zurfin tunani. "Ni a ganina cikin taya ne."

"Cikin me?"

"Taya. Ai fili ne a ciki, iska ce kawai."

Tsohon ya ajiye wayar a cinya ya tafa hannu. "Jama'a ku zo ku ji! Wannan ce ake ba wa maganin mutane ta sayar! Ki sa kayanki cikin taya, su yi ta juyawa har su zama gari?"

"To cikin madubi."

"Me zai shiga cikin madubi? Allura?"

"Cikin sitiyari."

"Ke dai Allah Ya shirye ki. Wannan ƙwaƙwalwar daga dangin ubanki kika ɗauko ta, mu a namu gidan ba a yin haka."

"To kai da ka sani, faɗi mana. Ai ba ka sani ba. Injiniyoyi ne suka zauna suka zana abin nan. Kai kuwa Mama ta ce iyakar waldarka ƙofar bayi da ƙafar gado."

Ƙarya ta yi, Mama ba ta taɓa faɗin haka ba. Amma ta san inda take taɓawa. Za ka iya cewa tsohon nan ya tsufa, ka ce haƙoransa sun zube, ka ce hularsa ta fi shi shekaru, duk zai yi dariya ya rama. Waldarsa ce kaɗai ba a taɓawa. Ya gyara zama, ya ɗora ƙafar mai bandeji a kan birki a hankali.

"Uwarki ce ta faɗi haka? 'Yar da na haifa?"

"Ita fa."

"To buɗe kunnenki. Duk abin da aka cire wa mota, sai ya bar gurbinsa. Kin ce ba ta shan mai?"

"Ba ta sha."

"To ina tankin? Babu. Wurin tanki ya zama fili ke nan. Tana hayaƙi?"

"Ina za ta samo hayaƙi?"

"To ba salansa. Tun daga gaba har baya, hanyar da salansa yake bi ta zama fili. Lagireto mai sanyaya inji ma wataƙila an rage shi. Kin ga tudun nan da yake tsakanina da ke, inda giya take? A waccan motar me za a sa a ciki? Ai masu kamfanin nan ba dabara suka yi ba, fili ne ya yi musu yawa suka rasa yadda za su yi da shi. Mu da muka yi namu, mun yi ne a motar da ko yatsa ba ka samun inda za ka cusa."

"Ku da kuka yi me?"

Ya ɗan yi tari. "Mu masu sana'a. Gaba ɗaya nake magana."

"Oho. Na zaci kai ka taɓa yi."

"Na yi wa mutane. Akwai wani direba da ɓarayi suka addaba, kullum ya kwana a tasha sai an kwashe masa sifanun kwance noti. Na yi masa wuri a motarsa. Har ya sayar da ita, wanda ya saya bai san da shi ba."

"Shi ma direban ina jin bai sake ganin sifanun ba. Ka liƙe su ciki da wuta."

"Yarinya, ki kiyaye ni."

"Ni dai ban yarda ba. Ko a waccan ta lantarkin, duk inda suka ɓoye, ni zan gano. Dole akwai kafar makulli. In ba makulli, akwai maɓalli. In ba maɓalli, akwai marfi, kuma marfi dole bakinsa ya nuna. Ido kawai ake buƙata."

"Ido!" Tsohon ya yi dariya har da buga sitiyari. "Shi ya sa kike Kwastan ɗin da ba a taɓa ƙara wa girma ba. Wanda ya san aiki yana sa makulli? Makulli ai kiran ɓarawo ne, ka ce masa ga ni nan. Marfi kuwa a kan tsohon layin walda ake yanka shi, inda ido ya riga ya saba ganin layi. Ki kalla har gobe, ba abin da za ki gani."

"To da me za a buɗe? Da addu'a?"

"Da abin da yake cikin motar tun asali. Abin da kowa yake gani, ba wanda zai zarga."

"Kamar me?"

"Kamar giya. Kamar birkin hannu."

"Kai Tsoho, ji tsoron Allah. Giya ta buɗe marfi? Tatsuniya dai."

"Waya ake ja ta ƙarƙashi, siririya, irin ta birkin keke. A ɗaura ta da 'yar ƙugiya."

"Ba zai yiwu ba. Duk sanda direba ya sa giya sai marfi ya buɗe, kaya su zube a titi."

"Shi ya sa ake haɗa biyu! Ba ɗaya ba, biyu, waɗanda mai tuƙi ba zai taɓa haɗawa ba yana cikin tafiya."

"Ban gane ba."

"Ai ba za ki gane ba."

"Kai ne ba ka iya bayani ba. Injiniyan kamfani da tuni ya fahimtar da ni."

Duk wanda ya zauna da masu aikin hannu ya san halinsu: bakinsu ba ya gama bayani sai hannu ya taya shi. Ka tambayi tela yadda ake yanka wuya, sai ka ga yatsunsa sun zama almakashi. Tsohon nan ya fi shekara arba'in hannunsa na riga bakinsa magana, kuma yau ma bai jira izini ba.

"Ke dai kin cika daƙiƙiya. Duba nan. Ki sa giya a ribas, haka. Kin gani? Ba abin da ya faru. Sai ki ja birkin hannu, ba duka ba, rabi, haka. Sannan ki danna kan giyar ƙasa da tafin hannu, ha..."

Ƙas!

Wani faifan ƙarfe ya ɗago a ƙarƙashin ƙafafun Kwastan, ya ture tsohuwar tabarmar roba gefe. Daidai inda take ajiye ƙafa duk ranar da ta zo bincike. Ƙamshin alewa ya cika motar.

Hannun tsohon yana nan a kan giya. Ya dubi hannun, ya dubi ramin, ya dubi katanga.

"Ikon Allah," ya ce. "Ashe motar nan tana da irin wannan wuri?"

"Ashe."

"Na wanda ya sayar min da ita ne. Mutumin banza, ya cika kwaɗayi."

"Wanda ya sayar maka kafin a haifi Mama? Biskit ɗinsa bai ko yi laushi ba."

"Ai biskit ɗin zamanin da ya fi na yanzu ƙarko."

"Madarar gwangwanin nan fa da aka huda, aka toshe da tsinke?"

"Ta fasinjoji ce. Ke kika ga layinsu da idonki."

Kwastan ta fashe da dariya har tana riƙe ciki. Ta durƙusa ta fara kwasowa tana zubawa a jakarta: alewa mai tsinke, alewar madara, biskit, ƙwayoyin sukari a cikin tsohon gwangwanin wayar walda. Aikin kuwa, a faɗi gaskiya, aiki ne. An shimfiɗa roba a ciki don kada komai ya yi ƙara, bakin marfin ya zauna cif a kan tsohon layin walda yadda ya faɗa.

"Dama ke na tara wa," in ji tsohon. "Na ce in kin yi hankali in ba ki. Kin ga kin ɓata wa kanki."

"Na gode, angona."

"Munafuka. Ashe duk surutun motar lantarkin nan tarko ne. Uwarki ma ba ta ce komai a kan waldata ba, ko?"

"Ba ta ce ba."

"Na sani! 'Yata ce, ta san ubanta."

Ta sake zura hannu can ƙuryar ramin, sai ta ji wani abu mai laushi. Ta jawo. Ledojin alewa ne waɗanda aka riga aka shanye, an ninke kowace an jera, an ɗaure da roba, don tsohon ko a shagonsa ba ya yar da komai a ƙasa. Damin ya cika mata hannu. Ta zura ta jawo wani, shi ma haka. A bayansa akwai wani.

Ta daina dariya. Ta zauna da ledojin a cinya tana kallonsu. Ta buɗe baki ta yi masa tsiya kamar yadda ta saba, ba abin da ya fito sai hawaye.

"Kai, kai, kai," in ji tsohon. "Kwastan ta kama kaya kuma tana kuka? A ina aka taɓa yi?"

"Kaka."

Ba ta cika kiransa haka ba. Ya juyo ya dube ta.

"Ni nake wanke maka ƙafar nan kullum. Kai ba ka iya sunkuyawa ka gani, ni nake gani. Jiya bakin wurin ya fara baƙi. Ban faɗa wa Mama ba, don ban san yadda zan faɗa mata ba."

Rediyo na ta magana ƙasa-ƙasa. Tsohon ya miƙa hannu ya kashe shi. Ya daɗe yana murza sitiyari da babban yatsa.

"Bakina ne yake ɗaci," ya ce a hankali. "An hana ni wuta saboda ido, an hana ni tuƙi, an hana ni gishiri. In na sa ɗaya a baki nan cikin motar, sai in ji kamar akwai sauran abin da ni nake yanke wa kaina."

"Na sani. Amma ni ina son ka da ƙafarka."

Ta share fuska da bakin mayafi, ta zuge jakar, ta tura marfin da ƙafa ya koma ya rufe kamar ba a taɓa yanka wurin ba. Ta buɗe ƙofa ta sauka. Ta ci nasara, amma ba ta ji daɗin da ta zaci za ta ji ba. Har ta kai bakin rumfa ya kira ta.

"Ke, Kwastan."

"Na'am."

"Wallahi aikinki ba kyau. Da ni ne shugabanku, yau zan kore ki."

Ta juyo. "Me kuma na yi?"

"Kin samu wuri ɗaya kin kama hanya kina tafiya. Wane mai walda ne zai yi ma'ajiya ɗaya? Zaga baya. Fitilar hagu. Kama ta da hannu biyu ki murɗa kamar za ki buɗe murfin jarka."

Ta tsaya tana kallonsa. Ita ba ta san da wannan ba, ba ta kuma da wata dabarar da za ta kai ta can. Da ya yi shiru, shi ke nan. Ta zaga bayan motar, ta kama fitilar ta murɗa, sai ga ta ta fito gaba ɗaya a hannunta. A cikin ramin akwai kwalbar zuma, ko rabi ba a sha ba, da ɗan cokali a ɗaure a wuyanta.

Ta dawo gefen tagarsa rungume da kwalbar.

"Wannan ba kamawa kika yi ba," ya ce yana nuna ta da yatsa. "Kyauta ce miji ya yi wa matarsa. Kada in ji kin je kina faɗa wa mutane wai kin fi ni wayo."

"Akwai ta uku?"

"Babu."

"Tsoho."

"Na ce babu! Kina so in rantse ne a gaban fasinjoji?"

Dariya ta ƙwace mata, hawaye na zuba. Shi ma ya yi, irin dariyarsa mai girgiza kafaɗa. Sannan ya buɗe ƙofa, ya sauko da ƙafar mai bandeji a hankali, ya miƙa mata hannu ta riƙe shi.

"Muje ki wanke min, ki kuma kira uwarki ta gani," ya ce. "Amalanken nan naku na lantarki, ko ba shi da inji ai yana da birki. In ya fito, da wace ƙafa kike so in taka?"